Takardun da Inna Ta Ƙi Ƙonawa

Bana ruwa ya makara. Hadari yakan haɗo daga gabas da la'asar, ya yi baƙi har kaji su fara neman akurki, sai iska ta taso ta watsa shi, a kwana ana fifita. Na yi binne a ɗan filin da aka ara mini a bayan garin Gummi, yau kwana goma sha ɗaya, kullum da safe sai na je na tona rami guda in duba ko irin yana nan ko tururuwa sun yi gaba da shi. Maƙwabcina ya ce wannan ba noma ba ne, gaisuwar mara lafiya ce. Shi dai ɗan kasuwa ne, a buhu ya san gero.

Irin wannan jinkirin ruwan aka yi a shekarar da muka yi jarida. Shekara goma ke nan, ko da ɗan abin da ya ɗora. Yanzu kowa da waya a aljihu, kafin a gama harbi a wani ƙauye labari ya iso wurin mai shayi har da hoto. A lokacin kuwa sai ka hau tudu kana ɗaga waya sama kafin ka samu layi, kuma in aka tare ka a hanya ita za a fara bincikawa. Shi ya sa muka koma ga takarda.

Ƙauyenmu Tungar Ƙirya, a ƙasar Bukkuyum yake, in ka bar hanyar Nasarawa Burkullu ka yanki daji. Ni ne malamin firamaren garin, ni ne shugaban makaranta, ni ne mai kaɗa ƙararrawa. Sunana Ummaru, amma mahaifina, Malam Tunau, ban taɓa jin ya kira ni da shi ba tun da na dawo daga kwaleji. Ɗan boko yake ce mini. Manomi ne na gaske, mutum mai gajeren zance da dogon aiki, ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi kuma har ya tsufa bai manta ba. Inna kuwa, Ige ake ce mata, ba ta san alif ba, ba ta san a ba.

Bazarar shekarar ta yi zafi irin wanda ko inuwa ba ta tare shi. Rijiyar tsakiyar gari ta koma sai an jira ta tsattsafo, mata suna layi da tuluna tun hantsi. Samari da yawa sun tafi haƙar zinariya wajen Tungar Daji, aka bar gari da tsofaffi da mu masu iyali. Shanun huɗa kuwa mutanen daji sun kore su tun kaka. Mutanen daji muke ce musu, saboda ba wanda yake son kiran sunansu na gaskiya da ƙarfi: 'yan bindigar nan da suka kafa sansani a dajin da ke tsakaninmu da ƙasar Anka.

Ana cikin jiran ruwa sai suka aiko da saƙo, ba garinmu kaɗai ba, duk tungayen yankin. Sun kama gonaki a bakin daji, suka ce in ruwa ya sauka kowane gari ya fito da mazansa a shuka musu, a nome musu, sannan mutum ya taɓa tasa gonar. Wanda ya san noma ya san abin da wannan yake nufi. Shukar farko ita ce abinci. In ka ba wani kwanakin nan na farkon ruwa, ka ba shi tuwon 'ya'yanka ne.

Manoma suka fara haɗuwa ranakun kasuwa, a bayan rumfunan hatsi, daga ƙasar Anka, da ta Gummi, da tamu. Aka tsaya a kan magana ɗaya: ba za a yi noman dole ba, kuma za a je a gaya wa hukuma da baki. Muka je kuwa. Muka taka da ƙafa, kowa da hauyarsa a kafaɗa, muka zauna a rana gaban ofis har inuwa ta juya. Wani ya fito da babbar riga ya ce an ji, za a duba. Da yamma muka kewaye rediyo don mu ji an ambace mu, sai muka ji ana bayani a kan amfanin takin zamani.

A hanyar komawa ne Malam Bello, limamin wata tunga kusa da mu, ya ce da ni:

"Malam Ummaru, tun da ba su hwaɗin labarinmu, mi zai hana mu hwaɗi abinmu? Mutanen Anka ba su san mun ƙi ba, mu ba mu san ko sun ƙi ba. Kowa na zaton shi ɗai ya rage. Hakanan na za a ci mu, guda guda."

Haka aka haifi Kuwwa. Takarda ce guda ɗaya tal, gaba da baya. Ni nake rubuta gaban da boko, Malam Bello ya kwafe maganar a baya da ajami, domin a ƙauyukanmu masu karanta ajami sun fi yawa nesa ba kusa ba. Ranar kasuwa nakan zauna kusa da masu awo kamar mai taya hira, mutane su zo su tsuguna su raɗa mini abin da ya faru a garuruwansu. Washegari in hau kabu-kabu zuwa Gummi, inda wani Bala mai injin kwafi yake rufe shagonsa ya buga mana. Ba wanda aka ɗauka aiki, ba wanda ake biya. Masu kabu-kabu biyu suna sakawa a ƙarƙashin kujerar babur. Amma wadda ta fi kowa kai ta lungu ita ce Goggo Hajo, Bafulatana mai tallar nono, wadda aka kore wa mijinta garke tun kafin a taɓa namu shanun. Takan shimfiɗa takardun tsakanin faifai biyu a kan ƙwarya, ta shiga gida gida, ba mai tambayarta.

Dokarmu ɗaya ce: ba a sa sunan mutum. Muna faɗin inda ruwa ya sauka, da hanyar da ba ta biyuwa, da garin da ya ƙi fita, da wanda aka tilasta wa. Bayan sallar la'asar sai mai karatu ya zauna a zaure ya karanta da ƙarfi, saura su saurara. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin kaina a lokacin. Ina wucewa in ji ana karanta maganata a bakin wani, in sunkuyar da kai kamar ban san komai ba, alhali zuciyata tana rawa.

Baba ne kaɗai bai ga abin burgewa ba. Ya san ni ne, tun fitowa ta farko ya gane. In na dawo daga Gummi na same shi a ƙofar gida yana gyaran ƙotar hauya, ba ya ko ɗaga kai.

"Ɗan boko, ƙaƙa jarida? Ta yi ciki, ko ta hidda kai?"

"Baba, mutane na amfana da ita."

"Awo. In da takarda na tsare gona, da maƙera sun mutu da yunwa. Tsuntsun da yaj ja ruwa dai shi ruwa ka duka."

Sau ɗaya na miƙa masa guda. Ya riƙe ta nesa da fuska, ya juya ta, ya mayar mini, ya ce idonsa ba na karatun tatsuniya ba ne. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, har na yi kwana biyu ina gaishe shi a tsaye.

Ruwa ya zo daga ƙarshe, wata ranar Laraba da azahar, da iska mai kwashe jinka. Ƙamshin ƙasa ya cika gari, yara suka fita tsirara suna ihu. Washegari tun da sassafe kowa ya fita, ba gonar mutanen daji ba, tasa. Ba shanu, don haka da hannu aka yi komai. Muka koma gayya kamar zamanin kakanni: yau a taru a gonar wane, gobe a ta wane, mutum ashirin a jere, ɗaya a kan bishiya yana duban daji. Gonakin nesa muka bar su ga ciyawa. Baba ya ƙi barin gonarsa ta gabas, wadda take dab da fadama, ya ce ubansa bai bar ta don fari ba, shi ba zai bar ta don yara masu babur ba.

Sai yunwa ta shigo, kamar yadda takan shigo duk shekara tsakanin noman farko da fitar kan gero, sai dai ta wannan shekarar da haƙora ta zo. Rufewarmu, wato rumbun ƙasa da ke tsakar gida, tun kafin maimai, wato noma na biyu, aka share gindinta. Inna takan fita bayan gari ta tsinko tafasa da rama, ta dafa, ta murza ɗan ƙuli-ƙuli a kai, mu ci mu sha ruwa. Wata rana dusa ce ake damawa. Marka ta sauka, kwana uku ruwa ba ya ɗaukewa, itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika ɗaki, tufafi suna warin danshi. Kana noma gwiwarka tana rawa, in ka miƙe tsaye sai ka ga duhu. Amma gero ya yi kyau, abin har da ban tsoro. Baƙi ƙirin, ya fi mutum tsawo, in ka shiga ciki ba ka ganin wanda ke gabanka, kuma ba ka ganin wanda ke zuwa.

A cikin markar nan ne mutanen daji suka tare ɗaya daga cikin masu kabu-kabunmu. Ba su sami takarda a jikinsa ba, Allah ya sa ya riga ya raba. Suka yi masa dukan da ya kwana bakwai ba ya tashi, suka karɓe babur, suka sako shi da saƙo. Suka ce sun san akwai mai rubuta takardar da ke hana mutane fita aikinsu, kuma a yankinmu yake. Duk ranar da suka gano shi, ba za su nemi komai a wurin danginsa ba.

Kowa ya gane ma'anar wannan. Daga ranar na daina jin daɗin komai. In kare ya yi haushi sai in tashi in leƙa waje. Muka haɗu da Malam Bello a kasuwa, muka ce ba za mu daina ba, domin a lokacin tungaye da dama sun tsaya a kan ƙin fita, kuma takardar ce igiyar da ta ɗaure su. Sai dai muka ƙara layi guda a ƙasan kowace fitowa: a karanta, a ƙona.

A nan muka yi wauta, mu masu ilimi. Malam Bello ba ya ɗora alƙalami a takarda sai ya fara da Bisimilla, kuma ba ya rufewa sai da salati. Ban taɓa ganin laifin haka ba, haka kowa yake yi. Amma a garinmu ba a taka takarda mai rubutun Larabci, ba a ƙunshe ƙosai da ita, ba a jefa ta a murhu. In ka gan ta a ƙasa sai ka ɗauka, ka kaɗe, ka soka a tsagar bango ko a jinka. Da wannan aka raine mu duka. Muka rubuta wa mutane su ƙona, a ƙarƙashin sunan Allah.

Wata safiya na ga takardu uku a soke a bangon zaurenmu. Na cire su na shiga wurin Inna, raina a ɓace.

"Inna, wa yas sa waɗanga nan?"

"Ni ta. Matan gari ka kawo man. Suna tsoron aje su, suna tsoron ƙona su, sunka ce ɗana malami na, ya san yadda aka yi da su."

"To yadda aka yi da su shi na a sa su wuta. Yanzu."

Ta dube ni kamar na zagi kakanta.

"Ni in sa sunan Allah ƙarƙashin tukunya? Da tsuhwana? Ummaru, bokon naka bai kai nan ba."

Na yi mata bayani, na ɗaga murya fiye da yadda ya kamata ɗa ya yi. Ta karɓe su daga hannuna, ta ce in tafi, ba zan sake ganinsu ba. Ban sake ganinsu a bango ba kuwa. Na ɗauka magana ta ƙare, ban ƙara tambaya ba, don ina da abin da ya fi wannan damuna.

Gero ya fid da kai, ya yi bununi, ya fara ido. Muka fara gasa tumu, yara suka dawo da dariya. Tsuntsaye suka sauka, aka ɗaura gwangwanaye a igiya. Sau biyu mutanen daji suka aiko a je a yi musu aiki, sau biyu garinmu ya yi shiru. Shirun nasu da ya biyo baya ya fi saƙon tayar da hankali. Ko Goggo Hajo ta daina zuwa. Tsofaffi suka ce ruwa ba ya tsami banza.

Ranar da suka zo, da hantsi ne, sama a lumshe, ba iska ko kaɗan. Mun dawo daga kewayen gona ke nan za mu sha kunu. Sai muka ji ƙara daga yamma, kamar injin niƙa daga nesa, tana ƙaruwa. Kafin a ce a gudu sun shigo ta hanyoyi uku, bibbiyu da uku-uku a kan babura. Ba su yi harbi ba sai sau ɗaya, a sama. Suka tara mazan gari a ƙofar masallaci, suka ce kowa ya zauna a ƙasa ya ɗora hannu a gwiwa. Ina zaune, Baba yana gefena na dama.

Shugabansu siriri ne, bai kai ni shekaru ba, ya naɗe fuska da rawani. Ya ce tun da mun ƙi noma musu, sun zo su ci wanda muka noma. Ya tura yaransa gida gida su buɗe rumbuna. Muna jin kukan mata da na kaji. Ban damu da rufewarmu ba, na san ko ɓera ya yi ƙaura daga cikinta.

Sai ga ɗaya daga cikinsu ya fito daga lungunmu, ba buhu a kansa, sai wani ƙunshi a hannu, an naɗe da tsohon zane an ɗaure da kaba. Na gane zanen Inna tun daga nesa. Ya ajiye gaban shugaban, ya kwance. Takardu ne, jibgi guda, an jera su an daidaita bakinsu, tun daga fitowa ta farko. Inna ta nemi wurin da ya fi ko'ina tsabta a gidan, inda ƙafa ba ta takawa, ruwa ba ya shiga, ta adana su a cikin rufewa.

Shugaban ya ɗauki guda ya juya ta.

"Gidan wa na?"

"Gidana na," in ji Baba.

"To ashe nan aka dahwa ta. Wa ka rubutawa?"

Ba wanda ya yi motsi. Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ba ya sauri.

"An ce man akwai malamin boko garin ga. Wane na?"

Ina so in ce na yunƙura zan tashi. Na sha faɗa wa kaina haka. Gaskiya ita ce tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa sani ba, kuma ban yi niyyar tashi ba. Ina nan zaune sai na ji hannun Baba a kafaɗata. Ya dafa ni da ƙarfi, kamar tsoho mai neman abin dogarawa, ya danne ni ƙasa, ya miƙe.

"Ga shi nan, ɗana na. Amma in shi kaka nema ka yi hasarar mai. Wanga ko wasiƙa ba ya iyawa, abacada ɗai ya sani koya ma yara. Ni ka rubuta ta."

Wasu daga cikinsu suka yi dariya. Shugaban bai yi ba.

"Kai tsoho? To bokon hwa?"

"Ni ka rubuta ajami, a kai birni a juya. Mi na wuya ciki?"

"Ƙarya kakai. Ɗanka kaka ɓoyo."

"To ɗauki wadda kaka so. Kama man kai, in ƙarasa ma. Mai abu ai ya san abinai."

Akwai wani a cikinsu da ya taɓa zaman makarantar allo. Aka kira shi, ya zaro guda daga tsakiya, ya kai ta kusa da ido, ya fara haɗa baƙi da ƙyar: "Jama'ar ƙasar Anka, da Gummi, da Bukkuyum..."

Baba ya harɗe hannu a baya, ya kafa ido a kan bangon masallaci, ya ɗauka:

"...muna yi muku sallama. Ruwa ya sauka Nasarawa Burkullu, danshi ya kai tafin hannu. Hanyar fadama ba ta biyuwa, kowa ya bi ta tudu. Masu gayya kada su rabu da juna sai an kai bakin gari. Tungayen yamma sun ƙi fita noman dole, mu ma kada mu fita."

Sannan ya sauke ido daga bango ya dubi shugaban.

"Wanda ya noma wa ɓarawo bana, baɗi ɗansa ne zai noma masa."

Mai karatun yana bi da yatsa. Ya ɗaga kai ya ce, "Hakanan take."

Aka zaro ta biyu. Aka zaro ta uku, wata tsohuwa tun ta lokacin jiran ruwa, wadda ni da na rubuta ta ban iya tuna rabinta ba. Baba ya kawo ta tun daga sallama har salati, da muryar da yake tilawa da ita, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Maganata ce, kalma bayan kalma, a bakin mutumin da ya ce idonsa ba na karatun tatsuniya ba ne. Ina zaune a ƙasa hawaye yana zuba a kan gwiwata, kowa ya ɗauka kukan uba nake yi. Shi ne, amma ba shi kaɗai ba.

Shugaban ya ce ya isa. Suka ɗaure wa Baba hannu da kabar da aka ɗaure takardun, suka ɗora shi a babur tsakanin mutum biyu. Hularsa ta faɗi, ba wanda ya ɗauka. Da aka tayar da inji ya waiwayo, ya dube ni da fuskar nan tasa ta faɗa.

"Kai, raggon banza. Geron gabas ya nuna. In kab bari yak kwana ukku, tsuntsu na gama shi."

Suka tafi ta yamma. Muka zauna muna jin ƙarar har ta ɓace, sannan aka fara yayyafi.

Washegari ba mu aika wa kowa ba, amma mutane suka zo daga tungaye huɗu, har da Malam Bello da mijin Goggo Hajo. Muka shiga gonar gabas, ba kiɗa, ba waƙar gayya, sai ƙarar kara yana faɗuwa. Kafin la'asar an gama. Gonar ba ta taɓa ba da abin da ta bayar a shekarar ba. Muka jira kiran neman fansa. Muka hau tudu da waya safe da yamma, sati ɗaya, sati biyu, wata guda. Sun cika alkawarinsu, ba su nemi komai ba. Kuwwa ta ƙara fitowa sau biyu, ba Bisimilla a kanta, daga nan hannuna ya ƙi. Kafin wata damina mun bar garin, mu da kusan kowa.

Duk tsawon watan nan na jira ban yi wa Inna maganar takardun ba. Ina gaishe ta, ina cin tuwonta, amma ba na dubanta, kuma ta sani. Ranar da liman ya ce ya kamata a yi wa Baba addu'a irin ta wanda ba a sa ran dawowarsa, na same ta a gindin rufewa tana sussukar sabon gero. Abin da na daɗe ina haɗiyewa ya fito.

"Inna, ai nic ce ki ƙona su."

Ba ta daina sussuka ba sai da ta kai ƙarshen zangarniyar da ke turmi. Ta jingina taɓarya.

"Na so in yi. Randa kay yi man hwaɗa, da marece na ɗauko su zan kai ma liman shi san yadda zai yi. Babanka yat tare ni ƙohwar ɗaki. Kullum in kah hita shi ka hawa shi ɗauko, shi zamna nan inda kake tsaye, shi karanta, shi maida."

"Mi yac ce miki?"

Ta goge fuska da bakin zane.

"Yac ce, bar su, Ige. Yaron ga ya iya magana."